Abin da aka tattauna kan makaman ƙabilun Jamus na zamanin Rumawa

Jama'a ga abin da na tattaro daga hirar da aka yi kan makaman ƙabilun Jamus, don ɗan'uwanmu da yake son zana mayaƙan bakin kogin Rhine.

1. Kusan kowa ya yarda mashi ne makamin gama-gari, shi Tacitus, marubucin tarihi ɗan Rum da ya yi rubutu wajen shekara ta 98 Miladiyya, ya kira shi framea, ana jifa da shi ana kuma suka. Sai garkuwar katako mai ƙarfe a tsakiya. To a zanen ba kowa za ka ba takobi ba.

2. Sulke da kwalkwali na manya ne, ƙalilan ke da su.

3. Ƙarfe kuwa maƙeransu na narka tama ta fadama.

4. Inda aka yi ta ja-in-ja shi ne yadda takubban Rumawa suka shiga hannunsu. Wasu sun ce ganima ce, suka kawo misalin yaƙin dajin Teutoburg na shekara ta 9 Miladiyya inda Arminius, jagoran ƙabilun Jamus, ya hallaka rundunoni 3 na Varus, kwamandan Rumawa. Wasu suka ce ina, ganima kaɗai ba za ta kai haka ba, a Illerup ta Denmak an tono takubba masu tambarin maƙeran Rum wanda aka zuba a tafki wajen shekara ta 200, ga shi wajen da nisa sosai da iyakar daular Rum, don haka ko fasa-ƙwauri ne ko kuma waɗanda suka yi aikin soja wa Rum ne suka komo da su gida. Ni dai na fi karkata nan gaskiya.