Alƙawarin Microsoft na 2030: me ya sa hayaƙin ke ƙaruwa?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum. A Janairun 2020 Microsoft ya yi alƙawarin cewa zuwa 2030 iskar kabon da zai janye daga sararin samaniya za ta fi wadda yake fitarwa, zuwa 2050 kuma zai kwashe duk abin da ya fitar da kansa ko ta wutar lantarkin da ya yi amfani da ita tun kafuwarsa a 1975. Sai ga rahotonsa na 2024 yana cewa hayaƙin ya ƙaru da kashi 29 cikin ɗari a kan na 2020. Masana, don Allah ina gizo ke saƙa?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kashi uku ake raba hayaƙin kamfani. Na farko shi ne wanda ya ƙona da hannunsa, kamar dizal ɗin janaretocin ko-ta-kwana. Na biyu na wutar lantarkin da ya saya. Na uku kuwa na kayan da wasu suka ƙera masa, da wutar da na'urorinsa, irin su na'urar wasa ta Xbox da kwamfutar Surface, ke ci a gidajen mutane.

A wancan rahoton, na farko da na biyu sun ragu da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Na ukun ne ya haura da kusan kashi 31, kuma shi ne sama da kashi 96 na jimillar. Dalili shi ne gine-ginen cibiyoyin adana bayanai saboda ƙirƙirarriyar basira (AI). Dubi siminti kawai: ana gasa farar ƙasa a tanderu mai zafin kusan digiri 1,450, kuma dutsen kansa yana sakin kabon yayin gashin, ko da makamashin mai tsabta ne. Ƙarfen gini kuwa, da gawayin kwal ake narka mafi yawansa. Ƙwayoyin kwamfuta (chips) kuma ana yin su a Taiwan da Koriya ta Kudu, inda kwal da gas ke ba da mafi yawan wuta. Shi ya sa kamfanin ya buƙaci manyan masu kawo masa kaya su koma wuta marar kabon zuwa 2030. Sai dai masana'antun ba nasa ba ne, iyakarsa ya gindaya sharaɗi a kwangila.

Malama Mai Lissafi:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma a yi hattara da raguwar kashi na biyun nan. Lissafi biyu ake yi: na wuri, wato ainihin wutar da ke layin da cibiyar take, da na kasuwa, wanda ake cire takardun shaidar wuta mai tsabta da aka saya. Kowace takarda megawat ɗaya ce na awa guda. Kamfani na iya sayen wutar rana a wata jiha da azahar, alhali na'urorinsa na shan wutar gas da tsakar dare a wata jihar, a takarda kuma a rubuta sifiri. Duk mai karanta rahoto ya nemi lambobin biyu ya jera su. Google ma ya gane haka, ya sa burin daidaita wutar da yake sha da wuta marar kabon awa da awa zuwa 2030, kuma a 2023 kashi 64 ya kai. Neman wutar da ba ta yankewa ne ya kai Microsoft ga yarjejeniyar shekara 20 da kamfanin wutar lantarki na Constellation a Satumban 2024, don farfaɗo da injin nukiliya mai megawat 835 a Three Mile Island da ke Pennsylvania.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. To batun janye kabon fa?

Injiniya:
Nan ne aikin ya fi wuya. Dogaro da daji, wato itatuwa su zuƙe kabon, na da araha amma ba ya da tabbas: gobarar Bootleg ta 2021 a Oregon ta cinye wani ɓangare na dajin da Microsoft ya sayi takardun shaidar kabon da itatuwansa suka riƙe, abin da itatuwan suka riƙe ya koma sama. Na'urar zuƙo kabon daga iska a binne shi cikin dutse ta fi ɗorewa, amma tashar Orca ta kamfanin Climeworks a Iceland tan 4,000 aka tsara ta kama a shekara, shi kuwa Microsoft ya fitar da sama da tan miliyan 15 a 2023. Don haka idan ka ga an sanar da sayen miliyoyin tan, duba ko an riga an binne su ne ko kwangila ce ta shekaru masu zuwa, sannan ka duba shekara nawa aka lamunce kabon ɗin zai zauna a ƙasa.