Dan Allah masu lissafi: T(3,4) da 8_19 ƙulli ɗaya ne? Ni tara nake ƙirgowa

Ɗan_Angwan_Rogo

Salamu alaikum jama'a. Ina aji huɗu a sashen lissafi nan Jos, furojet ɗina kan ƙullin toros ne, wato ƙullin da za ka nannaɗe a jikin abu mai siffar tib ɗin taya ba tare da igiyar ta ci karo da kanta ba. Abin da ya ɗaure min kai, a takarda ɗaya na ga T(3,4), wato igiyar ta zagaya tib ɗin sau 3 ta wata fuska sau 4 ta ɗaya fuskar, a wata T(4,3), a teburin jerin ƙulli kuma an sa 8_19 wai duk shi ne. An ce 8 ɗin adadin wuraren da igiya ta gitta kanta ne, to ni na zana na sake zanawa 9 nake samu ba 8 ba. Ina ɗayan ya shiga? Sannan duk waɗannan sunayen wanne ne na gaskiya da zan sa a aikin?

Malam_Toros

Wa alaikumus salam ƙanena. Zanenka lafiya lau yake, tara ɗin ma daidai ne, kawai dai ba shi ne mafi ƙanƙanta ba.

Ka kalli ƙullin a matsayin tufka. Ka jera igiya p, ka ɗauki ta gefe ɗaya ka haye da ita kan sauran duka, gittawa p-1 kenan, ka maimaita sau q sannan ka haɗa bakin sama da na ƙasa. Jimla (p-1)q. In ka fara da igiya 4 ka maimaita sau 3, 3 sau 3 ne, 9, wannan shi ka yi. In ka fara da igiya 3 ka maimaita sau 4, 2 sau 4 ne, 8. Kuma su biyun ƙulli ɗaya ne domin T(p,q) da T(q,p) ba su da bambanci, za ka iya murza wannan ya koma wancan ba tare da ka yanke igiya ba. Shi tebur ƙaramin yake ɗauka, wato wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin (p-1)q da (q-1)p. Cewa ba za a taɓa samun zanen da ya yi ƙasa da haka ba, wannan fa ba abu ne da ake gani da ido ba, sai a 1991 Murasugi ya tabbatar da shi.

Batun suna kuma, T(3,4) yana faɗa maka yadda ake gina ƙullin, shi ko 8_19 lambar layi ce kawai, na 19 cikin masu gittawa 8, 19 ɗin ba ta ɗauke da wata ma'ana ta lissafi ko kaɗan. Tsarin Alexander da Briggs ne na 1927 wanda Rolfsen ya faɗaɗa a teburinsa na 1976. T(2,3) shi ne 3_1 mai kunne uku, T(2,5) 5_1, T(2,7) 7_1, T(3,5) kuma 10_124, lissafa ka gani, 2 sau 5. Ni shawarata ka riƙe T(p,q) a duk aikin, ka kawo na tebur sau ɗaya a farko shikenan. Kuma ka rubuta ƙarara wanne ne p wanne ne q a wurinka don marubuta ba su haɗu a kan hakan ba, wani p ɗinsa zagayen ramin tsakiya ne wani kuma akasin haka.

Maman_Ilham

Kar ka manta da sharaɗin nan fa ɗan'uwa, dole ya zama babu lambar da ke raba p da q sai 1. T(2,4) ba ƙulli ɗaya ba ne zobba biyu ne a sarƙe, T(3,3) uku. In kuma ɗayansu 1 ne to zobe ne kawai ba ƙulli. Ni da ina koyar da yara a Bukuru tsohon tib na karɓo wajen mai faci da zaren saƙa, wallahi a nan take suke gane wannan, zaren yana dawowa inda ya faro tun bai gama zagayen ba. Ka gwada kafin ranar kare furojet.

Ɗan_Angwan_Rogo

Kai Allah ya saka da alheri Malam, na sake zanawa da igiya 3 ga 8 cif. Hajiya na gode zan nemi tib ɗin a Farin Gada. To amma Malam ya zan nuna cewa T(3,4) da T(2,7) ba ɗaya ba ne? Na lissafa jinus ɗinsu, wato mafi ƙarancin ramukan shimfiɗa mai fuska biyu da ƙullin zai zama bakinta, da (p-1)(q-1)/2 duka biyun 3 suka ba ni.

Malam_Toros

Yauwa, yanzu ka taɓo inda aikin yake, kuma nan ne ni abin yake burge ni har gobe. Suna mutane ne suka raɗa, amma inbariyan abu ne da ke jikin ƙullin, duk yadda ka ja ka murɗa ba ya canzawa. Sai dai aikinsa gefe ɗaya ne: in ƙulli biyu suka ba da amsa daban to tabbas daban suke, in suka ba da amsa ɗaya ba ka tabbatar da komai ba tukuna. Jinus 3 da 3 bai ce ɗaya ne ba, cewa ya yi nemi wani ma'aunin.

Adadin gittawa ma ya raba su, 8 da 7, amma wanda za ka iya yi da hannu a gaban malamai shi ne polinomiyal ɗin Alexander, wato wani jerin pawowin t da ake lissafowa daga ƙullin. Na ƙullin toros yana da fomula mai daɗi: (t^pq - 1)(t - 1) a raba da (t^p - 1)(t^q - 1). Fara da T(2,3) don hannunka ya saba, zai ba ka t^2 - t + 1. T(2,7) zai ba ka t^6 - t^5 + t^4 - t^3 + t^2 - t + 1, shi kuma T(3,4) t^6 - t^5 + t^3 - t + 1. Ka ga babu t^4 babu t^2, an gama magana. Lura kuma babbar pawa 6 ce a duka biyun, ninkin jinus kenan, ba dace ba ne.

Wannan lambar (p-1)(q-1)/2 kar ka raina ta. Ita ce kuma mafi ƙarancin sau nawa za ka sa igiya ta ratsa kanta kafin ƙullin ya warware ya koma zobe. Milnor ne ya yi hasashen, kuma duk sauƙin faɗinta sai 1993 Kronheimer da Mrowka suka tabbatar, da manyan kayan aikin da suka samo asali daga fiziks.

Inda Alexander yake makancewa shi ne madubi. T(p,q) da T(p,-q) hoton juna ne a madubi, na dama da na hagu, kuma ba ɗaya ba ne, Dehn ya nuna haka ga T(2,3) tun 1914, amma Alexander amsa ɗaya yake ba su. Sai polinomiyal ɗin Jones na 1984, wanda a T(2,3) yake ba ɗaya t + t^3 - t^4, ɗayan kuma duk pawowin su koma nagetif.

Sadiq_Tamino

Toh ai in haka ne ya yi amfani da Jones kawai ya huta mana, tunda shi ke ganin komai.

Maman_Ilham

A'a Sadiq ba komai yake gani ba. 5_1 wato T(2,5) da 10_132 Alexander ɗinsu ɗaya Jones ɗinsu ɗaya amma ƙulli biyu ne daban, na biyun ma ba na toros ba ne sam. In tsakanin ƴan gidan toros ne kaɗai, Alexander ya isa ya fito maka da p da q, hagu da dama ne kawai zai rage. Matsalar tana zuwa ne in an miƙo maka ƙullin da ba ka san gidansu ba.

Sannan ɗan'uwa ka bi zanenka na 8_19 da yatsa, za ka ga igiyar ba ta tafiya sama ƙasa sama ƙasa bi da bi, kuma babu zanen da zai sa ta yi hakan. Shi da 8_20 da 8_21 su ne na farko a tebur masu wannan halin, a ƙullin toros kuwa T(2,q) ne kaɗai ke bin bi da bi. Ka sa wannan a babi na biyu, malamai na son tambayarsa.

Ɗan_Angwan_Rogo

Na bi da yatsa Hajiya, sau biyu a jere take hayewa sama kam. Yanzu ina kan raba na T(3,5), na samu t^8 - t^7 + t^5 - t^4 + t^3 - t + 1, Malam dan Allah duba min in ka samu sarari bayan isha'i.