Duniya rumfar kara ce: me ake nufi, wa ake gaya wa?

Mai tambaya: Iyayena, barkanmu da war haka. An kawo wannan karin magana a wa'azin Lahadi, sai wasu matasa suka ce lalaci take koyarwa. Haka ne?

Manomi: A'a, ɗana, fara sanin rumfar tukuna. Bayan girbin dawa ake zaɓen kara mai kauri, a kafa dirka huɗu ko shida, a gitta sanduna, a shimfiɗa karan, a ɗaure da igiyar rama. Da bazara inuwarta ba ta da na biyu. Amma gara na hawa ta gindin dirka, ruwan Agusta na ruɓar da karan, da hunturu kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Shi ya sa ake sabunta ta kusan kowace shekara. Malalaci ba ya iya wannan aiki. Sai dai ba mai zuba hatsinsa a ƙarƙashinta, rumbu ake gina masa.

Malamar Zumuntar Mata: Baba ya gama magana. Ku duba Yunusa sura 4: ya yi rumfa gabas da Nineba, tsiro ya yi masa inuwa, ya yi murna ƙwarai. Washegari tsutsa ta cinye tsiron, sai Yunusa ya roƙi mutuwa. Laifinsa ba shan inuwa ba ne, rataya ransa a kanta ne. Batun lalaci kuma, 2 Tasalonikawa 3:10 ta rufe shi: wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Dattijon ikilisiya: Na yarda, Mama, amma maganar rabi ce. Ta faɗi abin da ke rushewa, ba ta faɗi inda ƙoshi yake ba. Arne ma zai iya faɗinta. Mai wa'azi ya haɗa ta da Yahaya 4:13-14, inda Yesu ya gaya wa Basamariya cewa mai shan ruwan rijiya zai sāke jin ƙishi, mai shan nasa kuwa ba zai ƙara ji ba. In babu wannan, jama'a za su koma gida da karyayyar zuciya kawai.

Malamar Zumuntar Mata: Kuma a lura da wurin faɗa. Wanda shagonsa ya ƙone jiya, ba a tarbarsa da ita. A yi masa jaje, a haɗa masa gudummawa.

Manomi: To, a wajen ta'aziyya fa? Can aka fi jin ta.

Dattijon ikilisiya: A bakin mai makoki ta dace. Mai gaisuwa ya jira shi ya fara.