Kafinta ma yana da kira? Muhawarar da ta tashi kan bashin wani dattijo

Kafinta daga Tumfure: Salama gare ku 'yan'uwa. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Wani dattijo a majami'armu ya ba ni aikin ƙofofi da silin na sabon gidansa. Da kuɗina na ɗauko katako, na sayi ƙusa da fenti, na sallami yaran shago. Ya tare tun kafin Kirsimeti, ni kuwa cikon kuɗina kullum "sai wani sati". Da na matsa, sai ya ce wai ban san aikin ɗan'uwa hidima ce ba? Waɗanda ba mu haɗa majami'a ba sun fi saurin biyana, kuma wannan ne ke ƙona mini rai. Sana'ar nan kirana ce daga Allah, kamar yadda fasto ke da nasa kiran.

Mama, Zumuntar Mata: Ɗana, sannu. Amma janye kalmar nan ta "kira". Kira na wanda ya bar gonarsa da danginsa ya tafi bishara ne. Kai sana'a ka koya a hannun maigidanka, Allah ya sa albarka, amma kada ka haɗa zarto da bagade.

Malamin sakandare: Mama, a gafarce ni. A Ayyukan Manzanni 18 Bulus ya sauka gidan Akila da Bilkisu a Koranti, suna ɗinkin tanti tare. A Markus 6:3 mutanen garinsu masassaƙi suka kira Yesu. Martin Luther ma, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, tun 1520 ya rubuta cewa duk wanda aka yi wa baftisma firist ne, bambancin kawai na aiki ne.

Ɗalibin makarantar Baibul, Billiri: Malam, a hanyar Dimashƙu aka kira Bulus, kuma ba don ya ɗinka tanti ba. Bitrus da Andarawas da aka kira su, taruna suka bari suka bi. Idan kamun kifi kira ne, me ya sa suka bar shi?

Malamin sakandare: To mai karɓar haraji da soja da suka je wurin Yahaya Maibaftisma fa? Ce musu ya yi su bar aikin? Duba Luka 3. Cewa ya yi kada su karɓi fiye da ƙa'ida, kada su yi ƙwace.

Ɗalibin makarantar Baibul: Wannan tuba ce, ba kira ba.

Mai hatsi, Tudun Hatsi: Ni ban je makarantar Baibul ba, amma na san mudu. Akwai mai buga gindinsa ya lotsa ciki, ka ga awo ya yi tozo alhali an cinye ka. Akwai mai sa tsohon wake mai ƙwari a ƙasan buhu, ya rufe da sabo a baki. Ni duk safiya da na kwance buhu, Karin Magana 11:1 ke zuwa mini, cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus. In Allah bai damu da rumfata ba, me ya kawo mudu cikin Maganarsa? Ku kira shi duk abin da kuke so, ni a gabansa nake awo.

Wani ɗan kwaya (mawaƙin majami'a): Yaya, ba ke ce na gani a rumfa ranar Lahadi da yamma ba?

Mai hatsi: Bayan an tashi sujada ne, kuma mai mota ne ya sauke mini kaya. In bar masara a titi?

Wani ɗan kwaya: Ni dai na ga kina awo.

Mama, Zumuntar Mata: Da a zamaninmu ne da dattawa sun zauna a kan wannan.

Matashi daga wata sabuwar ikilisiya: Duk kun bar tushen. Oga kafinta, kana fitar da zakka? Malakai 3:10 a fili take. Wanda ke ba Allah ɗaya cikin goma, kuɗinsa ba ya maƙalewa a hannun mutane.

Baba, tsohon ma'aikacin lafiya, Kaltungo: Yaro, yi a hankali. Mutum ya yi gumi an hana shi haƙƙinsa, kai kuma ka ɗora masa laifi? Wannan koyarwar taku ce ta cika gari. 'Yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) da suka iso Kaltungo a 1917 karatu da magani suka kawo tare da bishara, ba alkawarin mota ba. Ikilisiyar ECWA da ta fito daga aikinsu ta tsaya da ƙafarta tun 1954, ku kuwa yaushe aka kafa ku?

Matashi: Baba, da girmamawa, dattijon da ya riƙe kuɗin nan a tsohuwar ikilisiya yake, ba a tamu ba.

Baba: Wa ya gaya maka? Bai faɗi sunan majami'arsa ba.

Kafinta daga Tumfure: 'Yan'uwa, ba wanda ya ce mini ko in kai maganar gaban dattawa ko in ƙyale. Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikata da aka danne yana kuka. Yarana biyu sun koma wani shago.

Ɗalibin makarantar Baibul: Ka dai yarda tukuna cewa sana'a baiwa ce, ba kira ba.

Mai kula da zaure: Ya isa haka. Ga abin da na fahimta: yawancinmu mun yarda kira na masu hidimar bagade ne, kamar yadda Mama da ɗalibinmu suka nuna daga Nassi. Malam ya kawo tarihin Turawa, mun gode, amma bai amsa batun taruna ba. Baba ya yi gaskiya kan masu mai da zakka jari, kuma ni ma a ƙarƙashin irin koyarwarsa na tashi. Ɗan'uwa kafinta ya ƙara haƙuri, ya kuma lura da yadda yake maganar dattawa a bainar jama'a. Batun buɗe rumfa ranar Lahadi za mu ɗauke shi ranar Laraba.

Mai hatsi: Ranka ya daɗe, waɗanne "yawanci"? Mutum biyu ne. Kuma ranar Laraba ɗan kwayan nan ya zo ya faɗa mana me shi ya je yi kasuwa ranar Lahadin.