Ƙaramar tashar FM: yaya shirye-shirye za su riƙa tafiya da kansu babu kwamfuta?

Sabon_Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramar na'urar watsa FM ta sha'awa. So nake ta riƙa tafiya da kanta: karatu da asuba, hira da hantsi, kiɗa da yamma, kuma ta faɗi sunan tashar duk awa. Ba na son barin kwamfuta a kunne dare da rana, ga wutar ma ba ta zama. Ko in haɗa komai cikin fayil ɗaya na awa 24 ya yi ta juyawa?

Mai_Gyaran_Rediyo: Wa alaikumus salam. Malam, bar maganar dogon fayil. Katin ajiya (SD) zai ɗauke shi, don MP3 a 128 kbps bai wuce kusan 1.4 GB ba a awa 24, amma da zarar an ɗauke wuta na minti goma komai ya goce, sai ka ji shirin asuba da hantsi. Agogo ne ya kamata ya riƙe lokaci, ba tsawon fayil ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce allon MP3 guda biyu masu karɓar kati, taima ta mako mai 12V da batirinta a ciki, da rile (makunnin da wutar lantarki ke ja) mai layi biyu. Sautin allo na farko ka ɗaura a ƙafafun da suke haɗe idan rile bai ja ba, na biyu a ɗaya ɓangaren, ƙafafun tsakiya su tafi na'urar watsawa. Taima ta kunna, rile ya ja, shiri ya canza. Sa dayod 1N4007 a juye kan koyil ɗin rilen, in ba haka ba za a riƙa jin ƙas a iska. Kafin ka sayi allon, gwada shi a shagon: waɗansu ba sa fara wasa sai an danna maɓalli, waɗansu kuma suna fara da muryar sanarwa ta Bluetooth, wadda masu sauraro za su ji. Aibin tsarin shi ne yana yanke magana a tsakiya, kuma shiri na uku sai da ƙarin taima da rile.

Injiniya_Lantarki: Don sunan tasha a kowace awa, taima ba za ta ishe ka ba ɗan uwa. Haɗa DFPlayer Mini (ƙaramin allon MP3 mai karɓar umarni) da Arduino Nano (ƙaramin allon da ke ba da umarnin) da agogon DS3231. Sau ɗaya za ka buƙaci kwamfuta, ranar loda umarni, shi ke nan.

Ƙafar SDA ta agogon zuwa ƙafar A4 ta Arduino, SCL zuwa A5. Tsakanin TX na Arduino da RX na DFPlayer sa rezista 1k, tana rage ƙara. Katin ya zama FAT32, kada ya wuce 32 GB. Foldoji 01, 02, 03, fayiloli 001.mp3 zuwa sama. Kira fayil da lambar folda da lambarsa. Idan ka kira shi da lamba kaɗai, allon yana bin jerin yadda aka kwafa su cikin katin ne, ba sunansu ba, kuma nan mutane da yawa suke ruɗewa.

Wutar ƙafar BUSY ta DFPlayer tana sauka ƙasa muddin sauti na tafiya. Sai Arduino ya jira ta ɗaga kafin ya duba agogo ya zaɓi folda, don haka ba a yanke kowa. Sunan tasha ka ajiye a folda mai suna ADVERT, da lamba huɗu kamar 0001.mp3: yana dakatar da shirin, ya faɗa, shirin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Amma ba ya aiki sai wani fayil na kan wasa.

Sautin ka ɗauka daga ƙafafun DAC_L da DAC_R na DFPlayer. Kada ka taɓa SPK1 da SPK2, na lasifika ne, haɗa ɗayansu da wayar ƙasa (GND) yana iya ƙona allon. Allunan DS3231 masu arha kuma suna da da'irar caji. In batirin CR2032 ka sa, cire rezistar cajin, don ba batirin caji ba ne, zai kumbura.

Hajiya_Sauti: Ƙanina, daidaita ƙarfin duk fayilolin kafin su shiga kati, manhajar MP3Gain tana yi a 89 dB. Shirin da ya fi ƙarfi yana tura siginar FM ta wuce iyakar karkatarta ta 75 kHz, sauti ya fashe ya shiga tashar maƙwabta. Idan na'urar watsawa tana da zaɓin 50 da 75 µs na ƙarfafa siririn sauti (pre-emphasis), sa 50. Na 75 na rediyon Amurka ne. Gunjin 50 Hz da wutar lantarki ke sawa, maganinsa ƙaramin taransifoman sauti 1:1 tsakanin allo da na'urar watsawa. Nisanta allon daga eriya, ka sa zoben ferayit a wayar sauti, don siginar tana iya sa shi ya daskare.

Batir 12V 7Ah, in kayan duka suna jan rabin amfiya, zai ba ka kusan awa 7 kafin ya sauka rabi.

Batun doka kuma da muhimmanci. Ƙa'idar Part 15 da ake yawan ambata ta Amurka ce, inda aka yarda da FM marar lasisi in ƙarfin siginarsa bai wuce 250 µV/m ba a nisan mita 3. A Najeriya watsa shiri yana buƙatar lasisin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ka tuntuɓe su kafin siginarka ta fita daga gida.