Kullum sai makaranta ta kira in zo in ɗauki yarona, ina zan kai kuka?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a nan Ingila ku ba ni shawara. Yarona shekararsa 6, yana firamare. Bai cika magana ba, kuma ƙara tana damunsa: da an kaɗa ƙararrawar cin abinci sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin tebur. Likita ya tura mu a duba ko otizim ne (larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro), wata 9 ke nan muna layi. Tun da aka dawo hutu, kusan kullum kafin azahar sai a bugo mini in zo in tafi da shi, ba takarda ba komai. Jiya kuma aka raba wa 'yan ajinsu wasiƙar zuwa gidan zoo ban da shi, wai inshorarsu ba ta haɗa da irinsa ba. Na yi maganar EHCP, wato takardar tsarin tallafin karatu, lafiya da kulawa ga yaro mai larura, aka ce sai sakamakon likita ya fito. Ga shi da bizar aiki muke zaune, ina tsoron kada a ce mun taɓa kuɗin gwamnati. Wallahi kaina ya kulle.

Maman Hanan: Wa alaikumussalam. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki ladan haƙuri. Ni dai in kina da hali ki sake masa makaranta kawai, ki huta da ciwon kai.

Anti Hajiya: A'a Maman Hanan, kada ta cire shi tukuna. Ajin ƙananan yara ba ya wuce mutum 30 a doka, sai ta fitar da shi ta rasa gurbi.

Ƙanwata, na bi hanyar nan da autata, ki saurare ni. Zancen sai likita ya tabbatar ba haka ba ne. Dokar yara da iyalai ta 2014 ta ba uwa ko uba damar rubuta wa kansil, wato ƙaramar hukumar yankinsu, da kansu su nemi a tantance buƙatun yaro, ko makaranta ta yarda ko ba ta yarda ba. Daga ranar da wasiƙarki ta isa, mako 6 gare su su ce za su tantance ko a'a, kuma in har za a ba shi EHCP, duka aikin bai kamata ya wuce mako 20 ba. Suna jan ƙafa, wannan kam gaskiya ne, amma agogon ba ya fara tafiya sai kin rubuta. Ni shekara guda na ɓata ina jiran malamai su yi mini, har yau abin yana ci mini rai.

In sun ƙi, kada ki karaya. Kina da wata 2 ki ɗaukaka ƙara kotun da ke sauraron irin wannan, bayan kin tuntuɓi masu sulhu sun ba ki takardar shaida. Daɗin EHCP shi ne makarantar gwamnatin da aka rubuta sunanta a ciki dole ta karɓi yaron. A lokacin ne za ki yi zancen canji, da ƙarfinki.

Baban Amir: Hajiya ta gama magana. Ƙarin da zan yi, mayar da yaro gida da rana ba tare da takardar dakatarwa ba ya saɓa doka, ko da uwa ta amince. Daga yau ki sami ɗan littafi, ki riƙa rubuta rana, ƙarfe nawa aka kira, wa ya kira, me ya ce. Littafin nan shi ne hujjarki gaban kansil.

Batun inshora kuwa, ki aika wa shugaban makarantar imel ki ce a nuna miki a rubuce inda aka ce ban da shi. Makarantun gwamnati galibi ta kansil suke da inshora, ko ta tsarin ma'aikatar ilimi, kuma dokar daidaito ta 2010 ta wajabta musu yin gyaran da ya dace don yaro mai larura ya bi 'yan uwansa, ko da ƙarin malami ɗaya ne zai riƙe hannunsa.

Ummu Khalil: Kan biza ki kwantar da hankalinki, karatun yaro a makarantar gwamnati ba ya cikin kuɗaɗen da aka hana mu. DLA, wato kuɗin tallafin yara masu larura, ne ke ciki, shi kada ki cike sai kin nemi shawara. Ki nemi SENDIASS na yankinku, masu ba iyayen yara masu larura shawara, kyauta ne, wani lokaci har taro suke raka mutum. IPSEA kuma, ƙungiyar agaji mai ba iyaye shawara kan dokar, suna da samfurin wasiƙar kansil a shafinsu, suna kawai za ki sa da bayanin yaron.

Maman Sadiq: Allah Ya saka da alheri, na ji sanyi a raina. Na sauke wasiƙar, in Babansa ya dawo aiki za mu cike. Anti, in haɗa da rahoton mai koya masa magana, ko in bari sai sun nema?

Anti Hajiya: Haɗa duk abin da ke hannunki, har saƙonnin da suke turo miki a waya. Kwafi za ki aika, ki riƙe na asali a gida.