Ɗana ya daina jin daɗin karatu, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa tara, yana aji huɗu a firamare. Bayan asuba yana tilawa, ya tafi boko, ya dawo ƙarfe biyu ya ci abinci a tsaitsaye ya shiga lesin, bayan la'asar kuma Islamiyya har magariba. Da can tambayoyinsa ba sa ƙarewa, yanzu kuwa da zarar na ɗauko jakarsa sai ya ce cikinsa yana ciwo, jiya ma na tarar barci ya kwashe shi a kan littafi, fensir na hannunsa. Mahaifinsa yana ganin wasa ɓata lokaci ne, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 miladiyya, ya rubuta a littafinsa Ihya'u cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa bayan ya tashi daga makaranta, domin hana shi wasa da takura masa kullum da karatu yana kashe zuciyarsa, yana dusashe basirarsa, har ya fara neman dabarar gudu. Ciwon cikin da kike gani, a ganina, irin wannan dabarar ce.

Malamar firamare: Hajiya, ki fara soke lesin ɗin nan. Yaro mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa tara zuwa goma sha biyu, kuma a ƙasar Finland, inda yara ba sa shiga firamare sai sun kai shekara bakwai, an saba ba su hutun minti 15 bayan kowane darasi na minti 45. Ki bar shi ya yi langa ko ƙwallo a ƙofar gida, ki buga dara da shi don ya riƙa ƙirga, da dare kuma a yi tatsuniya, wani lokacin shi ya bayar ku saurara.

Wani dattijo: Na yarda da su, amma kada a ɗauka kowane karatu sai ya zo da daɗi, domin hadda tana da wahalarta, kuma daɗinta sai ranar da yaro ya kawo sura ba gargada. A rage masa nauyi, amma a ci gaba da tilawar asuba. Ciwon cikin kuma a kai shi asibiti a duba, kada a yanke hukunci daga gida.